Falle Nawa Ya Kamata? Lissafin da Ke Ɓoye a Kan Na'urar Sikanin

A cikin kan na'urar sikanin, wato abin nan da ma'aikacin asibiti yake riƙewa yana gogawa a jikin majiyyaci, akwai jerin 'yan sanduna na tangaran, galibinsu ba su kai rabin milimita a faɗi ba. Su ne suke aika sauti cikin jiki, su ne kuma suke sauraron amsa-kuwwar da ta dawo. Duk wata dabarar kwamfuta da ke bayansu, da abin da suka miƙo mata take aiki. In sun miƙo sigina mai rauni cakuɗe da hayaniya, babu manhajar da za ta ƙago abin da bai iso ba. Shi ya sa nake ganin tambayar yadda za a ƙera sandan nan ɗaya, a bar shi dunƙule ko a raba shi falle-falle, ta cancanci a zauna a kanta.

Abin da ya ba tangaran ɗin wannan baiwa shi ne halin da ake kira fiyezo. 'Yan'uwan nan biyu na Faransa, Jacques da Pierre Curie, su suka gano a 1880 cewa in aka matsa wasu duwatsu irin su kwaz, cajin lantarki yakan bayyana a fuskokinsu. Shekara guda bayan haka aka tabbatar da cewa abin yana tafiya ta ɗaya hanyar ma: a ba dutsen wuta, sai ya miƙe ko ya tsuke. Masanin Faransa Paul Langevin ya yi aiki da wannan lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya wajen neman jiragen ƙarƙashin teku. A farkon shekarun 1950 aka samu haɗin dalma da zakoniyam da taitaniyam da ake kira PZT, kuma har yau shi ya fi yawa a sana'ar. Lokacin da Ian Donald da abokan aikinsa a Glasgow suka wallafa binciken ciki da sauti a 1958, faranti guda ne na fiyezo a kan na'urarsu. Jeri mai ƙwayoyi da yawa, wato 'yan sandunan nan, ya zo daga baya, da aikin Jan Somer a Holan a 1968 da na Nicolaas Bom a farkon shekarun 1970.

Matsalar farko da mai tsara wannan na'ura yake cin karo da ita ta sauti ce. Kowane abu yana da irin turjiyarsa ga sauti, ana auna ta da megarel. Ta PZT tana wajen 33, ta naman jikin mutum kuwa 1.5 ce da ɗan ɗoriya. In aka manna su kai tsaye, fiye da kashi 80 cikin 100 na ƙarfin sautin zai dawo daga bakin iyakar, bai ko shiga jiki ba. Saboda haka ake shimfiɗa falle ɗaya ko biyu ko uku a gaba, masu matsakaiciyar turjiya, kowanne kaurinsa rubu'in tsawon igiyar sautin, domin sautin ya sauka mataki-mataki. A baya kuma ana sa gam ɗin ifokzi da aka cuɗa da garin ƙarfen tangistin, ya shanye sautin da ya nufi baya don kaɗawar ta tsaya da wuri, tunda gajeren bugu ne yake iya raba abubuwa biyu da ke dab da juna a hoto. A can saman akwai robar silikon mai lanƙwasa wadda take tattara sautin. Wannan ɓangare an daɗe da sanin kansa. Tun 1978 Desilets da Fraser da Kino suka shimfiɗa ƙa'idojinsa, don haka ba zan tsaya a kai ba.

Inda gizo ke saƙar shi ne ta bayan sandan, wajen da wuta take shiga take fita.

Sauti yana tafiya a jiki da gudun kimanin mita 1540 a daƙiƙa. A megahaz 3, wato kaɗawa miliyan uku a daƙiƙa, wanda yake cikin zangon da ake duba zuciya da shi, tsawon igiya ɗaya ya ɗan haura rabin milimita. In ana son jerin ya riƙa karkatar da sauti hagu da dama ba tare da motsa hannu ba, dole tazarar da ke tsakanin ƙwaya da ƙwaya ta tsaya a rabin wannan tsawo ko ƙasa, wato wajen milimita 0.25. In ta wuce haka sai wasu rassan sauti su ɓalle gefe, su dawo da amsa-kuwwa daga inda ba a nufa ba, na'ura kuma ta zana ta a gurbin da ba nata ba. A jeri mai layi ɗaya, mai ƙwayoyi 64 zuwa 128, abin da sauƙi, domin kowace ƙwaya siririya ce amma doguwa, takan kai santimita guda ko fiye. Amma in ana son hoto mai zurfi da faɗi da tsawo a lokaci guda, sai an yanka farantin ta ɓangarori biyu. Nan ƙwaya take komawa ɗan ginshiƙi mai milimita 0.25 a kowane gefe, tsayinsa wajen rabin milimita, kuma irinsa dubbai ne.

Mu ɗauki ginshiƙi ɗaya mu auna shi. Ta fuskar lantarki, shi ma'ajin caji ne: fatar ƙarfe a sama, fatar ƙarfe a ƙasa, tangaran a tsakani. Girman ajiyarsa yana ƙaruwa da faɗin fuska, yana raguwa da kauri. Da wannan 'yar fuska da wannan tsayi, ko da PZT mai laushi irin 5H aka yi shi, ajiyarsa ba za ta wuce fikofarad 2 ba (fikofarad ma'aunin ajiyar caji ne). Wayar da za ta kai siginarsa jikin injin kuwa takan kai mita biyu, kuma ita kanta tana da ajiyar da za ta iya kai fikofarad 200. Amsa-kuwwa ta dawo ta taɓa ginshiƙin, ya haifar da ɗan caji, sai cajin nan ya bazu cikin wayar da ta ninka shi sau ɗari. Kamar ka juye ruwan da ya cika cokali ne a babban daro: ruwan yana nan, amma zurfinsa ya tafi, amfilifaya kuwa, wato abin da ke ƙara ƙarfin sigina, zurfin take aunawa. Kashi ɗaya cikin ɗari na ƙarfin siginar ne yake isa. Wajen aikawa ma haka abin yake: an tsara waya da injin da ke turo wutar a kan turjiyar lantarki da ke kusa da om 50, ginshiƙin kuwa turjiyarsa ta kai dubban om, don haka kaɗan yake iya karɓa daga abin da aka turo masa.

Dabarar falle-falle a nan ta shigo. Maimakon ginshiƙi dunƙule, sai a gina shi da siraran falle, a sa fatar ƙarfe tsakanin kowane biyu. Ana haɗa fata ta ɗaya da ta uku da ta biyar a gefe guda, ta biyu da ta huɗu da ta shida a ɗaya gefen. Kowane falle alƙiblar cajinsa tana adawa da ta maƙwabcinsa, saboda haka in wuta ta zo duk tare suke miƙewa, tare suke tsukewa. A wajen sauti, tulin nan abu ɗaya ne mai tsayin da ya saba, yana kaɗawa a megahaz ɗin da ya saba. A wajen lantarki kuwa ma'ajai ne da yawa da aka jera kafaɗa da kafaɗa. In falle uku ne, kowanne ya fi na asali siranta sau uku, don haka ajiyarsa ta ninka uku, ga su kuma su uku: tara ke nan. Falle biyar, ashirin da biyar. Turjiyar lantarki kuma ta faɗi da wannan adadin. Richard Goldberg da Stephen Smith na Jami'ar Duke a Amurka sun nuna amfanin wannan ga jeri mai ɓangarori biyu a 1994, kuma aikin nasu yana cikin waɗanda aka fi komawa gare su.

Abin da nake so mai karatu ya riƙe shi ne, wannan tsari ba ya ƙara wa tangaran ƙarfin da ba shi da shi. Kason wutar da yake iya mayarwa sauti yana nan yadda yake, in ma ba a yi hattara wajen ƙira ba ya ragu. Aikin taransifoma yake yi, sai dai an gina taransifomar a cikin jikin tangaran ɗin. Yana ba da caji mai yawa a kan bolt kaɗan. Falle uku suna nufin cajin ya ninka uku, bolt ɗin da ƙwayar take fitarwa ita kaɗai kuma ya koma sulusi. Duk wanda ya kalli rabin farko na wannan ciniki ya manta da na biyu zai ɗauka cewa yawan falle alheri ne tsantsa.

A koma kan ginshiƙinmu mai fikofarad 2 da wayarsa mai 200, a ajiye sauran abubuwa gefe don lissafin ya fito fili. Da falle ɗaya, kashi 1 cikin 100 ya isa. Da falle uku, ajiya ta zama 18, rabon da ke tsira daga waya ya zama 18 cikin 218, amma bolt ɗin farko ya ragu zuwa sulusi. A ƙarshe kusan kashi 2.8 ya isa. Da falle goma, ajiya ta kai 200, daidai da ta waya, rabi ya tsira, kashi ɗaya cikin goma na wannan rabin shi ne kashi 5. Da falle ashirin fa? Ajiya 800, kashi huɗu cikin biyar ya tsira, amma an raba bolt gida ashirin, sai ga shi an sauko kashi 4. Ƙololuwar tana daidai inda ajiyar ƙwaya ta yi kunnen doki da ta abin da aka ɗaura mata. Ma'ana, ba a duba tangaran a yanke yawan falle. Waya ake dubawa, da tsawonta, da amfilifayar da ke ƙarshenta. In aka gajarta waya, amsar ta canja. A lura kuma da yadda ribar take: daga ɗaya zuwa uku an kusa ninka sigina uku, daga uku zuwa goma ba a ko ninka biyu ba, alhali wahalar ƙira ta ninka ba adadi. Wannan ne ya sa falle biyu ko uku suka fi yawa a ayyukan da aka gwada.

Wajen aikawa ribar ta fi saurin bayyana, hatsarin ma haka. Abin da ke motsa tangaran shi ne yawan bolt a kan kowace milimita ta kaurinsa. Bolt 100 a kan rabin milimita ya ba da 200 a milimita. Bolt ɗin nan dai a kan falle biyar, kowanne milimita 0.1, ya ba da 1000. Wannan yana nufin ana iya samun sauti mai ƙarfi da ƙaramar wuta, abin da na'urorin hannu masu batir suke matuƙar buƙata. Amma in wutar ta zo da akasin alƙiblar tangaran kuma ta yi yawa, tana iya warware jerin da aka yi wa cajinsa tun a masana'anta, ƙwayar ta kurumce. Zafin da ke tashi a cikinsa ma yana hawa da sauri fiye da hawan wutar. Ga kuma iyakoki na doka: ƙa'idar IEC, hukumar ƙa'idojin lantarki ta ƙasa da ƙasa, ta hana fuskar da ke taɓa majiyyaci wuce digiri 43 a ma'aunin Salshiyos, hukumar abinci da magunguna ta Amurka, FDA, kuma ta ƙayyade ma'aunin matsin sauti a 1.9 ga yawancin gwaje-gwaje. Tunda akwai rufin da ba a tsallakewa a wajen aikawa, ni a ganina ribar da ta fi daraja ita ce ta wajen saurare. Jiki yana cinye kimanin rabin desibel na ƙarfin sauti a kowace santimita a kowane megahaz wajen zuwa, ya sake cinye haka wajen dawowa, don haka amsa-kuwwar da ta fito daga zurfin santimita 15 ta riga ta galabaita. Duk abin da aka ceto mata daga bakin waya, zurfi ne aka ƙara wa hoton majiyyacin da jikinsa ke da kauri.

A takarda ke nan. A masana'anta kuwa, ido ba mudu ba ne amma ya san kima.

Hanya ta farko an aro ta ne daga masu ƙera ƙananan ma'ajan caji na tangaran da ke cikin kowace wayar hannu. Ana dama garin PZT da ruwan haɗi da abin ɗaurewa, a zuba a kan leda mai tafiya ƙarƙashin wata wuƙa da ke daidaita kauri. In ya bushe sai ya zama shimfiɗa mai lanƙwasuwa. A buga mata zanen fatar ƙarfe da tawada ta musamman, a jera shimfiɗun bisa juna, a danne, a ƙone abin ɗaurewar a hankali, sannan a gasa tulin a tanderu a zafin da ya kai wajen digiri 1200. Azurfa tana narkewa a digiri 962, saboda haka ba za ta yi ita kaɗai ba. Sai filatinam ko haɗin azurfa da faladiyam, masu tsada. A wannan zafi dalma tana tashi ta bar tangaran in ba a tsare ta ba. Tulin kuma yana tsukewa yayin gashi, ba lallai daidai ta kowane gefe ba. In zanen da ke ciki ya goce da 'yan maikiron (maikiron dubu ne milimita ɗaya), zarton daimon da zai zo yanka ƙwayoyi, wanda bakinsa bai fi maikiron 20 zuwa 30 ba, zai bi ta inda bai kamata ba, ya yanke mahaɗin da ake buƙata ko ya bar wanda ya kamata a raba.

Hanya ta biyu ita ce a ɗauki farantan da aka riga aka gasa, a goge su su yi siriri, a shafa musu ƙarfe, a manna su da gam. Ingancin tangaran ya fi tabbata a nan, amma gam ɗin ya zama abin tsoro. Turjiyarsa ga sauti ƙarama ce ƙwarai idan aka kwatanta da PZT, don haka in ya yi kauri ko da kaɗan, sai tulin ya daina kaɗawa a matsayin abu ɗaya. Ana so layin gam ya tsaya a wajen maikiron guda, ba kumfa, ba ƙura, a duk faɗin farantin.

Sai batun haɗa fatun ciki da waje. A ƙwaya doguwa ta jeri mai layi ɗaya, ana iya naɗo ƙarfe ta kan iyakokinta biyu, a bar ɗan gefe marar fata don kada su taɓa juna; wannan gefen ba ya aiki, yana ma riƙe sauran, amma ƙanƙane ne a kan tsawon santimita. A ginshiƙi mai milimita 0.25 babu irin wannan sarari. Ko dai a huda ramuka a cika su da ƙarfe, su cinye wani kaso na fuskar, ko a shafa ƙarfe a bangon yankan zarto, a rufe fatun da ba a so su taɓa. Akan fi son adadin falle mara, uku ko biyar, domin ta haka fatar sama da ta ƙasa suke zama masu adawa, a sa fatar da bolt ɗinta sifili ne ta fuskanci majiyyaci, sigina ta fita ta baya. A ƙaddara kowane mahaɗi yana lalacewa sau ɗaya cikin dubu. A jeri mai ƙwayoyi 3000, kowane ƙarin mahaɗi a ƙwaya yana nufin ƙarin matattun ƙwayoyi uku. Wannan lissafi, fiye da duk wata ƙa'idar kimiyya, shi ya hana dabarar yaɗuwa yadda aka zata.

Akwai wata riba da ba ta shafi waya ba, kuma tana burge ni. Faranti guda mai kauri ɗaya yana amsawa a kaɗawarsa ta asali, da ninki uku, da ninki biyar, amma a ninki biyu shiru yake. Ga shi kuma tun ƙarshen shekarun 1990 likitoci suka rungumi hoton da ake aika sauti a kaɗawa ɗaya a saurari ninkinta biyu, wanda jiki da kansa yake haifarwa, domin ya fi tsabta. In aka yi falle masu kauri daban-daban, ko aka ba kowane falle wutarsa da ɗan jinkiri tsakaninsu, sai wannan shirun ya buɗe. John Hossack da Bertram Auld sun yi bayanin irin wannan a 1993. A nan falle yana sake wa na'urar murya ne gaba ɗaya, kuma irin wannan tsari ba a yinsa da ka. Ana fara gwada shi da samfurin lissafi na KLM, wanda Krimholtz da Leedom da Matthaei suka fitar a 1970, sannan a bi da kwaikwayon kwamfuta mai rarraba ƙwayar gutsi-gutsi don a ga kaɗawar gefe da yadda motsin ƙwaya yake tsallakawa maƙwabciyarta.

Tun daga lokacin, wasu hanyoyi sun zo sun rage wa dabarar fili. A 1997 Park da Shrout na Jami'ar Jihar Pennsylvania suka nuna ƙarfin kiristal guda irin PMN-PT, wanda ma'aunin haɗin wuta da motsinsa ya haura 0.9, alhali na PZT yana wajen 0.75. Sai dai yana da saurin tsagewa, ba ya jure zafi sosai, kuma wuta kaɗan take warware shi, abin da ya sa yanka shi siraran falle ya fi hatsari. Babban sauyin kuwa shi ne shigar da lantarkin cikin mariƙin kansa. Tun wajen 2002 kamfanin Philips ya fitar da kan na'ura mai ƙwayoyi kusan 3000 wanda yake tattara siginoni rukuni-rukuni a cikin hannu kafin su shiga waya, daga baya aka yi mai fiye da 9000. In amfilifaya tana zaune dab da bayan ƙwaya, abin da ƙwayar take ɗauka ya sauko daga fikofarad 200 zuwa 'yan ƙalilan, kuma lissafin da muka yi ɗazu zai ce falle ɗaya ko biyu sun wadatar. Ga kuma ƙwayoyin da ake sassaƙawa a silikon, irin na Butterfly iQ da FDA ta amince da shi a 2017, waɗanda ba su da tangaran sam.

Duk da haka ban yarda a ce zamanin falle ya wuce ba. Lantarkin cikin mariƙi yana kawo zafinsa da tsadarsa, kuma ba ko'ina yake shiga ba: bututun da ake zurawa ta jijiya zuwa zuciya siriri ne, wayarsa doguwa. A jeri mai layuka uku ko biyar, inda layukan gefe suka fi na tsakiya ƙanƙanta, ana iya daidaita turjiyarsu ta hanyar bambanta yawan falle. Na'urar batir tana son ƙaramin bolt. A ɗaya ɓangaren, in aka haura megahaz 20, farantin ya riga ya sirance zuwa wajen milimita 0.1 ko ƙasa, raba shi gida uku wahala ce da ribarta ba ta taka kara ta karya ba. Gurbin dabarar shi ne ƙananan megahaz, daga 1 zuwa 5, da ƙwaya mai ƙaramar fuska, da nisa tsakaninta da amfilifaya. Mai tsarawa da ya samu kansa a wannan gurbi, ya fara auna ajiyar wayarsa da ta mahaɗansa, ya fitar da adadin da lissafi ya ba shi, sannan ya tambayi masu tanderu da masu zarto falle nawa za su iya maimaitawa sau dubu uku ba tare da matacciyar ƙwaya ta yi yawa ba. In lissafi ya ce goma su kuma suka ce uku, uku zai zana.